Takalmin Karan Masara

Zuwa ga Maman Walƙiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da wanda kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Yaya Inna da gwiwarta? Yaya 'yar tawa, har yanzu tana jan gindi da gudun nan da ya sa muka ce mata Walƙiya? Ni lafiyata ƙalau, ba abin da ke damuna sai rashin ganinku.

Wani abu na gani da safiyar Talatar nan, shi ya sa na ari biro. Na so in faɗa miki a waya, amma kin san halina, da na ji muryarki sai maganar ta gudu, in ɓige da tambayar ko an yi ruwa a wajenku.

Na shigo wurin aiki, ko rigar aiki ban sa ba, sai Sarkin Ɓarna ya yafito ni. Ban taɓa ba ki labarinsa ba. Wani dogo ne mai surutun tsiya, aikinsa kawai ya karya abin da muka sha wahala muka yi, shi ya sa muka naɗa shi. Injinsa baki biyu gare shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A maƙala masa 'yar roba mai tsawon yatsa, ya yi ta ja a hankali har ta tsinke, allon da ke gefe yana nuna iya abin da ta jure. Ya fara sa robar kasuwa zalla. Ta yi fari a tsakiya, ta miƙe kamar cingam, ta rabu, ko ƙara ba ta yi ba. Sannan ya sa tamu, wadda aka cuɗa da zaren da nake niƙawa, ga shi ma ta fi waccan siranta. Maman Walƙiya, injin nan ya ja, ya ja, layin da ke allo yana hawa, ya wuce inda waccan ta mutu, bai tsaya ba. Sarkin Ɓarna ya cire hula ya ce irin wannan taurin kai sai surukarsa. Da ta tashi tsinkewa sai da ta yi ƙara kamar bulala. Injiniya, wato matar da ke shugabantar mu, tana tsaye tana kallo. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce a sake. Aka sake, haka ta kuma yi.

Na tsinci guntun a ƙasa na ɗora a tafin hannu, ban ji nauyin komai ba. Nan take takalmin ƙarfen da asibiti suka ba Walƙiya ya faɗo mini a rai, da yadda take ja da baya in ta ga kin ɗauko shi, da shatin da yake bar mata a ƙwauri.

Kin sha tambayata wai me nake niƙawa haka da ba a ci. Bari in gwada yi miki bayani yadda na gane. Karan masara ake kawo mana, irin wanda muke cinna wa wuta bayan girbi. In sassare shi, a dafa da soda, in wanke, in sake wankewa har ya yi fari, duk abin da ba zare ba ya fita. Sai in zuba a injin niƙa da ruwa mai yawa, abin da ya fito in mayar, ya fito in mayar, tun safe har la'asar, kwana da kwanaki. A ƙarshe ba ka ganin zare ko ɗaya, sai wani abu mai santsi kamar sitacin da kike damawa in za ki yi guga. Karon farko na ɗauka na lalata musu kaya ne. Injiniya ta kai ni gaban allo ta nuna mini hoton ɗigo ɗaya da aka ƙara masa girma, sai ga raga a cuɗe, sili bisa sili. Wai in aka jera sili ɗaya da gashin kai, gashin zai koma kamar gungumen itace. Shi ne ke riƙe kara a tsaye, iska ta kaɗa shi bai karye ba. Mu kuma mu ciro shi mu zuba a cikin roba ya riƙe ta.

Wahalarsa ɗaya, shi da ruwa abokai ne, roba kuwa ba ta shiri da ruwa. In ka shanya shi ya bushe da kansa, sai ya manne wa juna ya yi tauri kamar ƙaho, ba ya ƙara buɗewa ko ka jiƙa shi shekara. Don haka kullum a rufe yake cikin bokiti, har ranar da za a daskarar da shi, wani inji ya zuƙe ƙanƙarar ya bar shi kamar audugar rimi. Sai a lokacin yake yarda ya shiga roba.

A jikin katangarmu akwai shagon wani dattijo, Baba mai filasta, shi ke yi wa asibitin ƙashi takalman yara masu raunin ƙafa. Tun farko don shi Injiniya take wannan aiki, saboda robar da yake samu in ya yi ta siririya sai ta tsage a idon sawu, in ya yi ta da kauri yaro ya ƙi ɗauka. Ban yi wa kowa maganar Walƙiya ba tukuna. Ina jiran ranar da zan ga fuskar Injiniya a sake.

Ki gaishe da Inna da Yaya, babbar 'yar'uwarki. Ki shafa mini kan yarinyar.

Naki,
Baban Walƙiya

*

Zuwa ga Maman Walƙiya,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kuna lafiya, kumburin ƙafarki kuma ya saɓe. Takardarki ta iso ta hannun direba. Na karanta inda likita ya ce ƙafar ta fara lanƙwasa ciki, in yarinyar ba ta riƙa tsayuwa a kanta da abin tallafi ba, haka za ta kafe. Na karanta wurin har sai da na haddace. Na kuma ga inda yayanki ya ce mijinki ya bar 'yarsa a ƙasa ya tafi niƙa kara. Ban ji haushi ba, ai gaskiya ya faɗa, kara nake niƙawa. Ki gaishe shi.

Na yi magana. Na sami Injiniya tana shan shayi a bakin taga, na tsara abin da zan faɗa tun a hanya, amma da na buɗe baki duk ya watse, na fara daga tsakiya. Ta saurare ni har na gama. Ta tambayi shekarun yarinyar da ko wace ƙafa ce, sannan ta ce me ya sa na yi ta riƙe wannan magana a ciki duk watannin nan. Na ce ina jira ne robar ta nuna halinta, don ba zan sa wa 'yata abin da ban ga ƙarshensa ba. Ta kalle ni, ta ce to.

Sai dai da sharaɗi. Sai likita ya sa hannu, wannan an samu. Na biyu kuma doka ce da ba ta ɗaga wa kowa: duk takalmin da za a yi da robarmu, biyu ake yi daga falle ɗaya. Ɗaya a miƙa wa Sarkin Ɓarna ya sa a inji, a yi ta lanƙwasa shi gaba da baya kamar takun yaro, ba hutu. In ya tsage kafin ya kai inda aka ɗibar masa, ɗan'uwansa ba ya fita ƙofa. Sarkin Ɓarna tagwaye yake ce musu, wai shi ne baffansu mugu.

Wanda ya ba ni wuya Baba mai filasta ne. Shi ƙa'idarsa a kawo masa ƙafar ya riƙe a hannu, ya naɗe ta da filasta ya ɗauki siffarta. Na gaya masa nisan da ke tsakani, da halin da kike ciki, da gwiwar Inna. Ya ce shi ba ya aiki da ji-ta-ji-ta. Ban sake roƙonsa ba. Kullum da safe dai in share ƙofar shagonsa, in cika masa tulun ruwa, in gaishe shi in wuce. Ranar Asabar ya kira ni ya ce shirun nan nawa ya fi naci damunsa, in kawo awo ya gani.

Ga abin da yake so. Ki zaunar da ita, ki ɗora tafin ƙafar a kan kwali ki zagaye da biro. Sannan ki yanko tsirin ƙyalle ki auna kewayen ƙwauri a ƙasan gwiwa, ki yanke daidai nan. Wani na idon sawu, wani na gadon ƙafa, wani kuma daga diddige zuwa ƙasan gwiwa. Ki ɗaura wa kowanne alama don kada su cuɗe. Na cika masa baki fa, na ce matata tela ce, tun da ta hau keke ba wanda ya taɓa maido mata da ɗinki. Ya ce za mu gani.

Ɗakina yana nan yadda na gaya miki, taga ɗaya tana kallon bayan wani gareji. Da yamma akwai wata mata da ke wucewa da goyo, tsayinku ɗaya. Na san ba ke ba ce, amma kullum sai na leƙa.

Ki huta da keken nan haka, don Allah.

Mijinki,
Baban Walƙiya

*

Zuwa ga Maman Walƙiya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida duka. Wannan gajeriya ce, direba na jirana.

Awo ya iso. Da na kwance ƙullin na ga daga shuɗin zanenki kika yanko, wanda kika ɗaura ranar da kuka raka ni tasha. Na kai hanci, ƙamshin akwatinki yana nan. Sai da na sa Baba ya yi mini alkawarin zai maido mini da su in ya gama.

Ya sassaƙa ƙafar da filasta yana gwada ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga na tarar da ƙafar 'yata a tsaye kan tebur, fara fat, ba yarinyar. Ashe haka ta girma a bayana? Baba ya juya ta ya sake juyawa, ya ce ga shekarunta ƙafar ta yi girma. Na ce gidanmu ta biyo, duk manyan ƙafafu ne da mu. Ya yi gyaran murya bai ƙara ba.

A gabana aka gasa fallen robar har ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma, aka lulluɓa a kan ƙafar, aka zuƙe iska ta kama jiki. Launinta kamar shayi da madara. In kika ɗaga a rana za ki ga wani hazo-hazo a ciki, to shi ne guminmu, ni da karan masara. Tagwayensa ya sha hannun baffansa kwanaki, ina jin ƙarar injin daga inda nake niƙa, ko abinci ba ya shiga. Ya kai har ya wuce. Sarkin Ɓarna ya ce ya gaji, a ɗauke masa wannan ɗan banza.

Ga takalmin nan na naɗe a cikin rigata. Ki fara sa mata safa, kada ki ɗaure da ƙarfi. Duk abin da ta yi ki riƙe mini shi a ka, har irin kallon da ta yi masa, kada ki rage komai.

Naki,
Baban Walƙiya

*

Zuwa ga Maman Walƙiya,

Assalamu alaikum. Yaya jikinki, yaya diddigen yarinyar, ya fara kamewa? Ki ci gaba da wanke mata da abin da likita ya ba ku, ki bar shi ya sha iska.

Tun da kika kira kina kuka na kasa ce miki komai sai ki yi haƙuri, ki yi haƙuri, kamar wanda bai san wata magana ba. Yanzu da na zauna bari in faɗa. Ki daina cewa ke kika ji mata ciwo. Kin ƙara yatsa biyu a kowane ƙyalle, kin karkata biro waje da kika zagaye ƙafar, don ta samu wurin girma. To yaushe kika taɓa yi wa yaro ɗinki ba ki bar masa wurin girma ba? Rigar farko da kika yi wa Walƙiya sai da kika naɗe bakinta sau uku, muna yi miki dariya, ga shi har na taho tana sa ta. Hannunki ne ya yi abin da ya saba, don ya san a gidanmu abu ba ya zuwa sau biyu. Ni kuma da na ga ƙafar ta fi wadda na bari, maimakon in tambaya sai na hau murna. Ƙafa tana yawo a ciki, roba tana gogar fata, ke kina ganin kuka irin na kullum ne. Wa zai sani?

Na kai wa Baba labari ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya ce shi ya kamata a yi wa faɗa, tun da ya ga ƙafar ransa bai kwanta ba, kuma shi ya karya ƙa'idarsa saboda shara da tulun ruwa. Ya ce wannan ba takalmin da ake girma a ciki ba ne, sai ya kama jiki kamar fata, in yaro ya girma a yi wani. Ya rantse ba zai sake taɓa ƙyalle ba. A kawo masa ƙafa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da kika ce yanzu ko rigata da na naɗo shi a ciki ta gani sai ta fasa ihu.

Ga inda maganar take. Fallen robar ya ƙare, rabi ya tafi a takalmin, rabi a hannun Sarkin Ɓarna. Sai an niƙa sabo, ni kaɗai ne kuma mai niƙa. Injiniya ta ce injin yana hannunmu zuwa ƙarshen wata mai zuwa, daga nan an riga an yi wa wani aiki alkawarinsa har bayan damina. Ta yi ƙoƙarin ɗagawa, bai yiwu ba. Kin ga ke nan kwanakin da za a yi niƙan su ne kwanakin da na ajiye don in zo in zauna kusa da ke in lokacinki ya yi. Na juya abin ta kowace fuska. In na taho, ƙafar za ta jira har bayan damina, kin kuwa ji abin da likita ya ce. In na zauna, za ki sauka ba na nan, bayan na yi miki alkawari a gaban Inna.

Wancan karon ina bakin ƙofa, ni na fara jin kukan Walƙiya kafin kowa ya fito ya gaya mini. Tun da na zo garin nan nake lallaɓa wannan tsayuwar bakin ƙofa a raina, ita nake tunawa in hannuna ya gaji.

Ban yanke ba sai abin da kika ce. Amma ba zan ɓoye miki ba, na riga na sassare kara na jiƙa. In kin ce in taho, in zubar in taho. In kin ce in zauna, ki roƙar mini Yaya ta kawo Walƙiya da zarar diddigen ya warke, ita ma ta dawo ta same ki da wuri.

Ina jiran amsarki.

Mijinki mai kewarki,
Baban Walƙiya

*

Zuwa ga Maman Walƙiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, Inna kuma tana kula da ke yadda ya kamata. Har yanzu ina jin muryarki a waya da kika ce, "Ka niƙa." Allah ya saka miki.

Yaya da Walƙiya sun iso lafiya ranar Laraba. Na je tasha da wuri na tsaya inda motar ke juyawa. Yaya ta sauko da ita a kafaɗa, na miƙa hannu, sai ta cusa fuska a wuyan Yaya. Yaya ta ce ke ba ki ga Babanki ba, ta leƙo da ido ɗaya ta koma. Ban matsa mata ba, na ɗauki jaka na bi su a baya. Na bar musu ɗakin, ni ina kwana wajen Sarkin Ɓarna, wanda ko a barci bakinsa ba ya hutawa. In Walƙiya tana son wani abu a hannuna sai ta ce wa Yaya ta karɓo wajen mutumin nan. Gashinta ya yi tsawo. Kitson da kika yi mata na hanya bai kwance ba, ina kallon layukan ina ganin yatsunki.

Ranar ɗaukar siffa, da muka shiga shagon Baba ta ga ƙafafun filasta rataye a bango, ta sandare ta fara ihu har masu gareji suka leƙo. Na ce yau ba za a yi ba. Baba ko kallonta bai yi ba. Ya ce in zauna in naɗe wandona. Ashe haka yake yi da yaran da suka tsorata, uban yake fara yi wa. Ya jiƙa bandejin filasta ya naɗe mini ƙafa tun daga yatsu har gwiwa, yana yi mini faɗa wai in daina motsi, ƙaton banza mai tsoro. Kukan ya ragu, ta zuba ido. Da ya bushe ya tsaga ya ja, sai ya haɗa da gashin ƙwaurina. Ihun da na yi ba na wasa ba ne. Maman Walƙiya, yarinyar nan ta yi dariya har da shaƙuwa, ta ce a sake yi wa mutumin. Yaya ta ce sai dai a yi miki, ke ba ki da gashi. Sai ta miƙo ƙafar da kanta.

Ni na riƙe diddigen yayin da Baba ke naɗi. Ciwon ya warke, sai ɗan tabo. Duk ƙafar ba ta cika tafin hannuna ba. Yanzu sabuwar siffar tana kan tebur kusa da tsohuwar, kamar ƙanwa da yaya. Na gane ba girma ta yi a bayana yadda na zata ba. 'Yar mitsitsiya ce, ta kuma karkata ciki fiye da yadda na bar ta.

Niƙa ya kusa, sitacin ya fara kama yatsa yadda ake so. Da magariba Walƙiya takan neme ki, ta zauna tana kallon ƙofa. Sai in zauna nesa kaɗan, mu yi ta kallon ƙofar tare.

Ki ci abinci ko ba kya so.

Naki,
Baban Walƙiya

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Barka da sauka lafiya, barka da arziki. Yaya jikin, yaya baƙon namu? Inna ta kara mini wayar a bakinsa na ji kukansa, amma injin yana aiki, rabi na ji. Na fita bayan katanga na zauna a kan dutse. Inna ta ce hancina ne da shi, Allah ya ba shi haƙuri. Yaya ta so ta juyo tun ranar, ke kika ce ta zauna a gama, na ji kuma na gode.

Yanzu ki gyara zama.

An yi takalmin, tagwayensa ya fita daga hannun baffansa lafiya. Da aka kawo na Walƙiya ta ɓoye ƙafa a ƙarƙashin riga. Baba ya ce a ajiye mata shi a ƙasa a manta da shi. Wuni guda tana zagaye shi, daga baya ta mai da shi mota, ta cika shi da tsakuwa tana turawa. Washegari ta bari Yaya ta sa mata, ya zauna cif, ko yatsa ba ya shiga. Ta zauna ta miƙe ƙafar kamar ba tata ba. Baba ya kafa mana doka, kada wanda ya ce mata tashi, kowa ya kama aikinsa.

Yau da safe ina tsakar gidan wurin aiki ina ɗauraye bokitai da tiyo, tana zaune a tabarma kusa da ni tana kallon ruwan. Na ji an kama wandona. Ban waiga ba, na ci gaba da ɗauraya. Na ji nauyinta yana hawa, daga ƙwauri zuwa gwiwa. Na saci kallo ƙasa, sai ga diddigen nan a ƙasa, tafin ƙafar a shimfiɗe daidai, yadda ban taɓa ganinsa ba tun da aka haife ta. Ta ɗago kai ta ce, "Kai, ba ni."

Tiyon ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Sai ta saki wandona ta kama da hannu biyu. Ba ta jingina da komai ba, Maman yara. Tana tsaye da ƙafafunta, ruwa na feshi, Sarkin Ɓarna ya fito daga ɗakinsa da kofin shayi ta juya ta wanke shi tas. Ya buɗe baki zai yi magana, karo na farko tun da na san shi ya rasa ta cewa. Ya ja da baya, ita kuma ta ɗaga ƙafar ta bi shi, taku ɗaya, ta sake ɗaya, sannan ta zauna daɓas cikin ruwa tana dariya. Da aka cire takalmin Baba ya duba fatar, ba ja ko kaɗan.

Har yanzu ba ta ce mini Baba ba, kai take cewa. Ba na gaggawa. Baba mai filasta zai duba ƙafar na 'yan kwanaki, daga nan Injiniya ta ce in tattara in tafi, kada ta ga ƙeyata sai na huta. Ni zan ɗauko Walƙiya a mota, in ta yarda.

Ki gaishe da Inna, ki gaishe da yayanki, ki sumbaci yaron kafin in zo. Ba wanda ya tuna da ɗaukar hoto, hannuna a jiƙe, sauran kuma duk sun daskare. Na san za ki ce son 'ya ne ya sa na ƙara gishiri, to ba ni kaɗai na gani ba. Yaya ta gani, har ta saki kwanon da ke hannunta. Baba mai filasta ya gani daga ƙofar shagonsa, yana yi kamar wani abu yake nema a aljihu. Injiniya ta gani ta taga. Sarkin Ɓarna ya gani, ga wandonsa can a kan katanga yana bushewa. Sai mutumin da ke kawo mana kara, wanda bai san ko 'yar wane ne ba, ya tsaya a bakin ƙofa da dami a ka, bai sauke ba sai da ta zauna.

Mijinki,
Baban Walƙiya